Nunavut: Ƙasar da Jirgin Ruwa ke Tsara wa Shekara

Babu hanyar mota da ta shiga Nunavut, yankin da ke can arewacin Kanada, babu kuma wadda ta haɗa wani gari da wani a cikinta. Garuruwa 25 ne warwatse a faɗin ƙasa da ta kai murabba'in kilomita kusan miliyan biyu, wato ta ninka Nijeriya sau biyu har da ɗoriya. Mutanen da ke zaune a ciki, bisa ƙidayar 2021, su 36,858 ne kacal, kuma kimanin kashi 85 cikin ɗari Inuit ne, 'yan asalin wurin. Duk abin da na gani a can, daga tsadar madara har zuwa yadda ake tafiyar da gwamnati, wannan rashin hanya ne tushensa.

Ƙofar gabashin yankin ita ce Otawa, babban birnin Kanada. Daga can jirgi kan yi awa uku da 'yan mintoci kafin ya sauka Iqaluit, hedikwatar yankin, a kudancin tsibirin Baffin. Bizar Kanada ta wadatar, ba a neman wata takarda daban. Abin da ke tsayar da mutane kuɗin jirgi ne, domin sau da yawa tikitin zuwa da dawowa ya fi na zuwa Turai daga Otawa tsada. Wanda ya sami kujerar taga zai ga inda itatuwa ke ƙarewa: a arewacin Kebek daji kan yi ta sirancewa, bishiyoyi na gajarcewa, har su ɓace gaba ɗaya, ya rage dutse da tafkuna ba iyaka. Kusan dukan Nunavut tana arewa da wannan layi, don haka duk katakon da za ka gani a ƙasar, har da na ƙyauren masai, daga kudu aka kawo shi.

An kasa yankin uku. Qikiqtaaluk ce gabas, ta ƙunshi tsibirin Baffin, na biyar a girma a duniya, da tsibiran can ƙuryar arewa. Kivalliq na gaɓar yammacin tekun Hudson, babban garinta Rankin Inlet. Kitikmeot ce yamma, inda Cambridge Bay take. Agogo uku ake bi daga gabas zuwa yamma. Garin farar hula mafi nisa a arewa shi ne Grise Fiord a tsibirin Ellesmere, kuma mutanensa ba da son ransu suka je ba: gwamnatin Kanada ce ta kwaso iyalai daga Inukjuak a arewacin Kebek a 1953 ta zube su can da kuma Resolute, a ƙasar da rana ke ɓacewa watanni, ba su san yanayin farautarta ba. Sai a 2010 aka nemi gafararsu a hukumance.

Ƙasar busasshiya ce, ko da yake ido ba ya yarda da haka. Abin da ke sauka a Iqaluit na ruwa da dusar ƙanƙara a shekara bai wuce milimita 400 da wani abu ba, a Resolute kuwa bai kai 200 ba, ruwan hamada ke nan. Tafkunan nan suna zaune ne saboda rana ba ta da ƙarfin shanye su, ƙasa kuma ba ta tsotse su, domin ƙarƙashinta daskararre ne shekara da shekaru. Saman ƙasar kaɗai ke narkewa a watannin ɗumi, mita ɗaya zuwa biyu, ya sake daskarewa.

A kan wannan daskararriyar ƙasa ake gini, kuma ita ce ta sa gidajen Iqaluit ke tsaye a kan ƙafafu. Idan ka ɗora gida mai ɗumi kai tsaye a ƙasa, zafinsa zai narkar da ƙanƙarar da ke riƙe da yashi da tsakuwa, wurin ya zama taɓo, gida ya lotsa ta gefe ɗaya, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Saboda haka akan huda rami a kafa turakun ƙarfe har su kai dutse ko su nutse sosai cikin daskararren wuri, a ɗora gidan a kansu, a bar sarari a ƙarƙashi iska na ratsawa. Ƙananan gidaje wasu a kan tarin tsakuwa suke, da jak a ƙarƙashi da ake ƙarawa ko ragewa idan ƙasa ta motsa. Manyan gine-ginen da dole su zauna a ƙasa, irin garejin manyan motoci, akan binne musu bututai masu zuƙo zafi daga ƙasa su fitar da shi sama lokacin sanyi. Yanzu da yanayi ke ɗumama, narkewar na ƙara zurfi, turakun da aka kafa da lissafin da na soma motsi, titin saukar jirgi da hanyoyin cikin gari na lotsawa.

Ruwan sha hanya biyu ne. A wasu unguwannin Iqaluit akwai bututai masu rufin kariya, ruwan ciki kuma ba a barinsa ya tsaya, ana ɗan ɗumama shi ana zagayawa da shi, domin da zarar ya tsaya ya daskare ya fasa bututu. Sauran unguwanni da mafi yawan ƙananan garuruwa mota ce ke kawo musu. Kowane gida na da tanki biyu, na ruwa mai tsabta da na ƙazanta. Tankar ruwa ta zo ta cika ɗaya, motar kwasar masai ta zo ta zuƙe ɗayan, a jikin bango kuma akwai 'yar fitila da ke nuna wa direba halin da tankin ke ciki. A gidan da aka sauke ni, abu na farko da aka nuna mini shi ne yadda ake taƙaita wanka da wanki. Idan guguwar ƙanƙara ta taso har direba bai ganin gabansa, hukumar gari kan janye motocin daga hanya, gida mai mutum goma kuwa tankinsa ba ya daɗewa. A watan Oktoba na 2021 aka gano mai a ruwan famfon Iqaluit, daga wani tsohon tankin mai da ke binne kusa da wurin tace ruwa. Kusan wata biyu mutane na ɗibar ruwa daga kogin Sylvia Grinnell ko suna jiran na roba da jirgin sama ke kawowa.

Sanyin kansa a lissafe yake. A Janairu da Fabrairu matsakaicinsa a Iqaluit kan kai digiri 27 ƙasa da sifili, Yuli kuwa kimanin digiri 8 sama da sifili. Iska ce ke kashe mutum: idan ta haɗu da sanyi ya zama kamar digiri 40 ƙasa da sifili, fatar da ke waje kan daskare cikin minti biyar zuwa goma, hanci da kunci da kunne ne ke fara yin fari. Tufafi hawa-hawa ake sawa, na ciki ulu ko roba, ban da auduga, domin auduga na riƙe gumi, jiƙaƙƙen tufa kuwa a wannan sanyi hatsari ne. Safar hannu mai haɗa yatsu wuri ɗaya ta fi mai raba su ɗumi. Batirin waya kan mutu nan da nan in ba a aljihun ciki yake ba. Motoci kuma kowace na da wayar lantarki da ke leƙowa daga gaba, ana jona ta da dare don kada man inji ya yi kauri ta ƙi tashi da safe.

Ga Musulmi akwai masallaci a Iqaluit, an buɗe shi a Fabrairun 2016. Jama'arsa 'yan ƙalilan ne, direbobin tasi da injiniyoyi da ma'aikatan lafiya daga ƙasashe daban-daban, kuma a nan ake raba kayan abinci ga mabuƙatan gari ba tare da tambayar addini ba. Alƙibla tana gabas ne da karkata zuwa arewa, kimanin digiri 64 daga arewa, abin da kan ruɗa wanda ya saba kallon taswirar bango. Iqaluit tana kudu da da'irar Aktik, layin da arewa da shi rana kan ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa a wasu ranakun shekara, saboda haka rana na fitowa tana faɗuwa kowace rana, sai dai a ƙarshen Yuni yini kan kusa awa 21, shafaƙi bai gushewa har alfijir ya keto, a ƙarshen Disamba kuwa yinin awa huɗu ne da 'yan mintoci, Azahar da La'asar da Magariba na bin juna a guje. Idan azumi ya faɗo a dogon yini, wasu na bin lokacin gari, wasu na Otawa, wasu na Makka, gwargwadon fatawar da suka gamsu da ita. Mai alwala ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita, shafa a kan huffi kuma a nan ne mutum zai san rahamar da ke cikinta.

Shekarar Nunavut a kan jirgin ruwa take juyawa. Teku na buɗewa ne daga wajen Yuli zuwa Oktoba, a wannan ɗan tsakani ne jiragen dako ke tasowa daga tashoshin kogin Saint Lawrence kusa da Montreal su zagaya garuruwa. Iqaluit na samun zuwa da dama, garuruwan can arewa kuwa sau ɗaya tak a shekara. Duk abin da ya fi ƙarfin jirgin sama ta nan yake zuwa: siminti, katako, rodi, motoci, katafila, babura masu tafiya a ƙanƙara, kayan makaranta, har da gwangwanaye da shinkafa da sabulu na kantuna. Magidanci mai hali kan yi odar kayan masarufin shekara tun watannin farko, a haɗa masa a akwatin katako a kudu, ya biya dako, ya jibge a ɗaki, kamar yadda manomi ke cika rumbu da kaka ya ci har wata kakar. Ana cajin dako da nauyi ko da girma, duk wanda ya fi: tan ɗaya shi ne kilo 1,000 ko kubik mita biyu da rabi na girma, don haka takardar bayan gida da katifa kan ci kuɗi fiye da yadda nauyinsu ya nuna. Talaka ba shi da kuɗin sayen na shekara a dunƙule, shi ne ke sayen komai ɗaiɗai a kanti da farashi mafi tsada. Wannan rashin adalci na tsaya mini a rai, domin tsarin da ke sauƙaƙa wa mai albashi rayuwa shi ne wanda marar albashi ba ya iya shiga.

Sauke kayan ma aiki ne. A yawancin garuruwa babu tashar da babban jirgi zai raɓa. Yakan tsaya nesa da gaɓa, ƙugiyarsa ta ɗora kwantena a kan faffaɗan jirgin dako marar inji, ƙaramin jirgi ya turo shi bakin yashi, motar ɗaukar kaya ta shiga ruwa har gatari ta ɗauko. A Iqaluit bambancin cikar teku da janyewarsa kan kai mita 11, idan ruwa ya janye sai ka ga fili na laka da duwatsu mai nisan gaske, don haka da can 'yan awanni kaɗan ake samu a rana na sauke kaya. Sai a 2023 aka buɗe tashar ruwa mai zurfi a garin. Abin da ke ɓaci a wannan tsari a bayyane yake. Ɗan kwangilar da ya makara da oda, ko aka manta masa da wani sashe na rufi ko tukunyar ɗumama gida, ginin nan ya kwana har baɗi, ko kuwa a ɗauko kayan ta sama da ninkin kuɗi. Idan ƙanƙara ta toshe mashigi a shekarar da ta yi tsanani, gari kan rasa jirginsa ɗungurungum.

Mai ma haka. Wani sashe na gwamnatin yankin ne ke sayen man shekara gaba ɗaya, na mota da na ɗumama gida da na jirgin sama, jirgin dakon mai ya tsaya a ruwa ya miƙa doguwar mesa mai yawo a saman teku zuwa manyan tankunan gari. Wutar lantarki kuwa babu layin da ya haɗa gari da gari: kowanne da tashar janaretocinsa na dizal, kamfanin gwamnati mai suna Qulliq ke kula da su duka. Idan tasha ta lalace babu maƙwabcin da za a jawo wuta daga wurinsa. Da tashar Pangnirtung ta ƙone a Afrilun 2015, sai da aka kafa dokar ta-ɓaci, aka tara mutane a makaranta don ɗumi, aka shigo da janaretoci ta sama.

Ɗanyen kaya, madara da ƙwai da kayan lambu, jirgin sama ne ke kawo su duk shekara. A kantin Iqaluit farashin abubuwa da yawa ninki biyu ne na kudu, wasu har uku, a ƙananan garuruwa kuma ya fi haka. Tun 2011 gwamnatin tarayya ke biyan tallafi a kan kowane kilo na wasu nau'o'in abinci, amma 'yan kasuwa ake bai wa kuɗin da sharaɗin su rage farashi, kuma mutane da yawa ba su gamsu cewa ragin na isowa gare su cikakke ba. Babu wani yanki na Kanada da rashin wadatar abinci ya kai na nan.

Abin da ke cike giɓin farauta ce, kuma ita ce tattalin arzikin da ba ya fitowa a lissafin gwamnati. Nattiq, wato dabbar tekun nan mai kitse da ke huda ƙanƙara tana shaƙar iska, ita ce ginshiƙi: nama, kitse, da fatar takalmi da safar hannu. Sai tuktu, barewar arewa mai rassan ƙaho, da kifin char mai jan nama, da fatar narwal da beluga, manyan dabbobin teku dangin whale, da ake ci ɗanya. Naman ba na maharbi kaɗai ba ne, akan sanar a rediyon gari ko a Facebook cewa gidan wane an samu, dattawa da gwauraye su zo su ɗiba. A mazhabar Malikiyya dabbar teku halal ce ko da tana daɗewa a tudu, don haka kifi da nattiq ba su da matsala ga baƙo Musulmi, naman tudu kuwa sai ya duba yadda aka kashe shi. Hantar farin beyar guba ce, ɗanyen naman walrus kuma, babbar dabbar teku mai haure biyu, na iya ɗauke da tsutsa, shi ya sa ake aika harshensa gwaji kafin a ci. Farautar kanta ta yi tsada: babur na ƙanƙara, kwale-kwale da inji, fetur, harsashi, duk da kuɗi ake samunsu. Da can sayar da fatar nattiq ke biyan waɗannan, sai haramcin shigo da fatun dabbobi dangin nattiq da Turai ta sa a 1983, ta kuma faɗaɗa a 2009, ya karya kasuwar. An ware Inuit daga haramcin a takarda, amma masu saye sun riga sun watse. Tuktu ma ya ragu ƙwarai a tsibirin Baffin har aka dakatar da farautarsa a farkon 2015, daga baya aka buɗe da ƙayyadadden adadi.

Daga Iqaluit na wuce Pangnirtung, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙaramin jirgi mai farfela. Titin saukarsa na tsakuwa ne, gajere, a tsakiyar gari, tsakanin manyan duwatsu, hazo ko iskar gefe kaɗan ya isa a fasa tashi. Duk mai tafiya a Nunavut ya bar ranaku a sake tsakanin jirgi da jirgi, ya riƙe maganinsa da kayan ɗumi a jakar hannu, ya kuma kama masauki tun kafin ya taso, domin gari ɗaya otal ɗaya ne, wani lokaci har a haɗa ka ɗaki da wanda ba ka sani ba. Iskar Pangnirtung ta yi suna, akwai gidajen da aka ɗaure da igiyar ƙarfe a jikin ƙasa. Garin na da masana'antar sarrafa kifi. Da hunturu masunta kan fita kan daskararren tekun Cumberland, su huda rami, su saki doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa zuwa zurfin ɗaruruwan mita, su jawo kifin turbot, wanda yawancinsa Asiya ake kai wa. Manyan jiragen kamun kifi da jatan lande da ke aiki a tekun da ke tsakanin Baffin da Girinland kuwa, har waɗanda kamfanonin Inuit suka mallaka, a Girinland ko Newfoundland suke sauke kamunsu, saboda babu tashar da za ta ɗauke su a wannan gaɓa. Aikin sauke kaya da kuɗinsa can suke tafiya.

Daga garin ake shiga gandun Auyuittuq, inda dutsen Thor yake da gangara a miƙe ta mita 1,250. Sai an yi rajista an saurari bayanin jami'an gandun kafin a shiga. Kogunan ciki narkakkiyar ƙanƙarar tsaunuka ce, da sassafe ake ƙetare su, domin da rana ta ɗaga sukan cika su yi ƙarfi. Akwai kuma lokuta biyu a shekara, kowanne na makonni, da ba a shiga sam: lokacin da ƙanƙarar teku ke farfashewa da lokacin da take kamawa, ba ta ɗaukar babur, ba ta barin kwale-kwale.

Gwamnatin yankin yarinya ce. An yi ƙuri'ar raba gardama kan raba tsohon Yankin Arewa maso Yamma a 1982, aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙasa tsakanin Inuit da Kanada a 1993, aka zaɓi Iqaluit hedikwata a kan Rankin Inlet a 1995, Nunavut ta tsaya da ƙafarta ranar 1 ga Afrilu, 1999, Paul Okalik ne firimiyanta na farko. Na shiga zauren majalisar: kujeru a da'ira suke, an lulluɓe su da fatar nattiq, sandar majalisa da hauren narwal aka yi ta, akwai kuma kujerun da aka keɓe wa dattawa a bayan wakilai. Ana magana da Inuktitut da Ingilishi, tafinta na juyawa.

Babu jam'iyya. Wakilai 22 kowa da kansa ya tsaya zaɓe. Bayan zaɓe sai su zauna su zaɓi kakaki, sannan firimiya, sannan ministoci, duk a asirce. Firimiya na raba ma'aikatu ga ministocin da aka zaɓa masa, yana iya karɓe ma'aikata daga hannun minista, amma majalisa ce kaɗai ke iya fitar da shi daga majalisar zartarwa. Ministoci ba su kai rabin zauren ba, don haka ba dokar da za ta wuce sai an shawo kan sauran wakilai, kuma suna iya tsige firimiya, kamar yadda suka yi wa Paul Quassa a Yunin 2018. Na ga alherin tsarin: babu zagi da ihu, mutum kan gama maganarsa ba a katse shi ba. Na kuma ga rauninsa: mai jefa ƙuri'a bai san wa zai zama firimiya ba, babu wata manufa ta bai ɗaya da aka yi masa alkawari da zai riƙe gwamnati da ita, wakili kuma garinsa ya fi damunsa fiye da yankin. A sama akwai kwamishina da tarayya ke naɗawa, aikinsa na sa hannu ne da bukukuwa. A majalisar tarayya yankin na da ɗan majalisa ɗaya da sanata ɗaya. Kotu guda ce, alƙali da lauyoyi da tafinta na hawa jirgi suna zagaya garuruwa, a yi zama a ɗakin taro ko na wasannin makaranta. Giya kuma kowane gari da ƙuri'a yake yanke hukuncinta: wasu sun haramta, wasu sun taƙaita, wasu sun sake.

Gwamnatin ta kowa ce, Inuit da wanda ba Inuit ba. Haƙƙin Inuit na musamman yana hannun wata ƙungiya daban, Nunavut Tunngavik, mai kula da yarjejeniyar 1993. Yarjejeniyar ta ba su mallakar kimanin murabba'in kilomita 350,000, da haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan, da diyyar dalar Kanada biliyan 1.1 da ɗoriya da aka biya cikin shekara 14, da kujeru a hukumomin da ke duba namun daji da ruwa da tasirin manyan ayyuka. Masu sasantawarsu sun yi dabara, sun zaɓi filayen da aka san akwai ma'adini a ciki. Shi ya sa kason da kamfanoni ke biya a irin waɗannan wurare ƙungiyar Inuit yake shiga, ba baitulmalin yanki ba.

Ma'adinai ne mafi girman sashen tattalin arziki a lissafi. Kamfanin Agnico Eagle na haƙar zinariya a Meliadine kusa da Rankin Inlet tun 2019, da kuma arewacin Baker Lake, inda ya shimfiɗa hanyarsa ta kilomita 110. A arewacin Baffin akwai ƙarfen Mary River, mai kyan da niƙawa da tankaɗewa kawai ake yi masa, a ɗora a manyan motoci tafiyar kilomita 100 zuwa Milne Inlet, a tara shi tsibi har teku ta buɗe a kwashe zuwa Turai. Kamfanin Baffinland ya nemi ninka haƙar da shimfiɗa layin dogo, maharban Pond Inlet da maƙwabtansu suka ce yawan jiragen na korar narwal, wasunsu suka tare filin jirgin ma'adinan a Fabrairun 2021, hukumar duba tasiri ta ƙi amincewa, ministan tarayya ya bi bayanta a Nuwamban 2022. A ganina wannan ce shaida mafi ƙarfi cewa yarjejeniyar ba ado ba ce. Sai dai yawancin ma'aikatan ma'adinan daga kudu ake kawo su da jirgi, su yi makonni su koma, albashinsu can ake kashe shi.

Kuɗin gwamnatin yanki, kashi huɗu cikin biyar ko fiye, daga Otawa yake zuwa, kuma babban ɓangarensa a kan nisa yake ƙarewa. Asibiti ɗaya ne, a Iqaluit. Sauran garuruwa cibiyar lafiya gare su da ma'aikatan jinya, mai ciwo mai tsanani da mace mai ciki da ta kusa haihuwa sai an ɗauke su a jirgi zuwa Iqaluit ko Otawa ko Winnipeg ko Yellowknife. Fiye da rabin jama'a a gidajen gwamnati suke, cunkushe, iyali uku a gidan da aka gina don ɗaya, tagogi a rufe wata tara, fumfuna a bango, shi ya sa tarin fuka da ya yi ƙaranci ƙwarai a kudancin Kanada har yau yake ɓarkewa a nan. Filin cikin gari haya ake bayarwa, ba a sayarwa, kuma da aka tambaye su a 2016 duk garuruwan suka ƙi a canja. A 2022 an ƙaddamar da shirin gina gidaje 3,000 kafin 2030, amma kowane ƙusa sai ya jira jirgin ruwa, jama'a kuwa na ƙaruwa da sauri, rabinsu ba su kai shekara 26 ba.

Ranar 18 ga Janairu, 2024, firimiyan lokacin P.J. Akeeagok da gwamnatin tarayya da ƙungiyar Inuit suka sa hannu kan miƙa wa yankin ikon filayen gwamnati da ruwa da ma'adinai, aka sa 1 ga Afrilu, 2027, ranar karɓa. Aikin na buƙatar masana ƙasa, masu duba ma'adinai, masu ba da lasisi, masu awon ruwa. Sashe na 23 na yarjejeniyar 1993 ya ce yawan Inuit a aikin gwamnati ya dace da yawansu a ƙasa, wato wajen kashi 85, amma shekaru da yawa adadin na tsaye a wajen rabi, mafi ƙaranci a manyan muƙamai da na ƙwararru. Yankin na da kwaleji amma ba shi da jami'a, malaman manyan azuzuwa yawanci baƙi ne da ba su jin Inuktitut, kuma akwai guraben aiki da yawa da ke zaune babu kowa, wasu don ba a sami ƙwararre ba, wasu don an samu amma babu gidan da za a sa shi.